Contessa 32 a Kasuwar Jiragen Hannu: Abin da Shekaru 50 Suka Canza

Contessa 32 jirgin ruwa ne na yawo mai tafiya da iska, tsawonsa ƙafa 32, wato mita 9.75. David Sadler ne ya zana shi a 1970, Jeremy Rogers kuma ya ƙera shi a Lymington, wani ƙaramin gari a gaɓar kudancin Ingila. A 1972 aka zaɓe shi gwarzon jirgi a baje kolin jiragen ruwa na Landan, masu saye suka yi ta tururuwa. An ƙera fiye da 700, galibi a Ingila, kaɗan kuma a Kanada a masana'antar J.J. Taylor. Yau mafi yawansu sun haura shekara 40 a ruwa, sun bi ta hannun masu su da dama, kuma da wuya a duba jerin dillalan jiragen Birtaniya ba a ga wani an sa shi a kasuwa ba. Tallan irin wannan jirgi yakan zo kashi uku: tsarin ciki, kayan aiki, da yadda yake tafiya. Duk ukun sun canza ma'ana tun lokacin da aka ƙera shi, sai dai kowanne da irin saurin da ya canza.

Abin da ya sa ake da kasuwar tsofaffin jiragen nan tun farko shi ne faiba. Kafin ƙarshen shekarun 1950, jirgin yawo galibi na katako ne, kafinta ke haɗa shi ɗaya bayan ɗaya, kuma idan aka yi sakaci da shi na 'yan shekaru ruɓa ta cinye shi. A 1959 kamfanin Pearson na Amurka ya nuna Triton mai ƙafa 28 a baje kolin New York, jirgin da aka zuba gangar jikinsa da zaren gilashi da ƙaron roba a cikin mazubi guda, yadda za a iya fitar da ɗaruruwa iri ɗaya. Cikin shekara goma wannan hanya ta mamaye sana'ar. A Ingila, Westerly Centaur da ya fito a 1969 an ƙera 2,444 daga cikinsa. Maƙeran wancan zamani ba su gama sanin iyakar ƙarfin sabon kayan ba, sai suka riƙa zuba shi da kauri don gudun abin da zai je ya dawo. Tsoron nan nasu ya zama riba ga mai saye na yau. Faiba ba ya ruɓa, ba ya tsatsa, tsutsar ruwa ba ta cin sa. Jiragen da aka zaci za su yi shekara 20 ko 30 suna nan daram, har ma zubar da waɗanda suka mutu ya zama matsala. A Faransa sai da aka kafa tsari na musamman a 2019 don wargaza tsofaffin jiragen shaƙatawa da babu mai so.

Siffar gangar jikin ita ce abin da mai saye ba zai taɓa iya canzawa ba, don haka daga nan ya kamata a fara karanta talla. Faɗin Contessa 32 ƙafa 9 ne da inci 6, kimanin mita 2.9. Zurfin da yake nitsewa cikin ruwa ƙafa 5 ne da inci 6. Nauyinsa wajen kilo 4,300, kuma daga ciki kusan kilo 2,040 dalma ce da aka zuba a faifan nauyi da ke ƙarƙashinsa. Ke nan kashi 47 cikin 100 na nauyin jirgin yana can ƙasa yana riƙe shi a tsaye. Dalmar tana lulluɓe ne a cikin faiban gangar jikin, ba a ɗaure ta da kusoshi daga waje ba. Allon tuƙi kuma yana jingine da wani ƙashi da ya fito daga jikin jirgin, wanda ke kare shi daga igiya ko gungumen da ke yawo a ruwa. Jiragen yawo masu wannan tsawo da ake ƙerawa yanzu sun fi shi faɗi da kusan rabin mita, faɗin ya kan miƙe har baya, cikinsu shimfiɗaɗɗe ne, faifan nauyinsu siriri ne kuma da kusoshi ake ɗaure shi. Wannan ɗauri yana aiki lafiya a dubban jirage, amma yana buƙatar sa ido, musamman bayan jirgi ya daki dutse ko yashi. A watan Mayu na 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya rasa faifansa a tsakiyar Tekun Atilantika yana komawa Ingila daga Antigua, ya kife, mutum huɗu da ke ciki suka salwanta.

Wanda ya sauka cikin Contessa 32 bayan ya saba da sababbin jirage, abin da zai fara ji shi ne ƙunci. A can gaba akwai gado mai siffar kusurwa na mutum biyu, ƙafafu a haɗe, kawuna a rabe. Bayansa ɗan banɗaki ne da wurin rataye kaya. Sai falo, da kujeru biyu masu zama gadaje da dare da tebur a tsakani. A gindin matakala, madafa tana hagu, teburin taswira yana dama, bayan teburin kuma akwai wani siririn gado da ya kutsa ƙarƙashin gurbin matuƙi. A takarda mutum biyar ko shida za su kwana. A zahiri, mutum biyu ne ke jin daɗinsa, uku kuma sai da haƙuri. Dogon mutum yana iya tsayawa a gindin matakala, amma yana matsawa gaba sai ya sunkuya.

Wannan tsari ba don rashin dabara aka yi shi ba. An zana shi ne don jirgin da ke tafiya a karkace, yana hawa da sauka, dare da rana. Inda wuri ya yi ƙunci, mutum ba ya faɗuwa da nisa: ko'ina ya miƙa hannu akwai abin kamawa. Gadajen falo suna tsakiyar jirgi inda girgiza ta fi sauƙi, suna kuma miƙe da tsawon jirgin, yadda da an ɗaura ƙyallen tsaro a gefe mai barci ba zai gangaro ba. Madafar ƙarama ce har mai girki yana iya tokare ƙugu a gefe guda ya saki hannu biyu. Teburin taswira kuwa babba ne fiye da kima a idon mutumin yau, domin a 1972 nan ne ƙwaƙwalwar jirgin take. Tun daga shekarun 1980 abin da masu saye ke nema ya juya. Kamfanonin hayar jirage a Bahar Rum da tsibiran Karibiyan sun zama manyan masu saye, su kuma baƙinsu na mako ɗaya ɗakin kwana mai ƙofa suke so, da wurin wanka, da firij, da fili a waje don cin abinci. Yawancin masu jirgi ma na kansu tafiyar yini suke yi, su kwana a tashar jirage. Maƙera suka bi kasuwa, kuma ba su yi laifi ba. Sabon jirgi mai ƙafa 32 yana da ɗaki a baya da gado mai faɗi, da haske ta tagogi manya, da sarari kusan ninki. Ga iyalin da ke hutun bazara a gaɓa, ya fi Contessa nesa ba kusa ba. Sai an kwana uku a buɗaɗɗen teku cikin iska mai ƙarfi ne ake tuna amfanin ƙunci.

Kashin kayan aiki shi ne mafi tsawo a kowane talla, shi ne kuma ya fi ruɗin mai saye. Lokacin da Contessa ya fito, matuƙi yana gane inda yake ne da kamfas, da ma'aunin sauri, da agogo, da fensir a kan taswirar takarda. Idan ya yi nisa da ƙasa sai ya ɗauki sakistan, na'urar auna tsayin rana ko tauraro daga bakin sararin sama, ya zauna ya yi lissafi. Daga baya ƙananan jirage suka samu Decca a Turai da Loran a Amurka, masu aiki da tashoshin rediyo na tudu. GPS ya kammala a 1995, a watan Mayu na 2000 kuma gwamnatin Amurka ta daina dusashe siginarsa da gangan, kuskuren da ke kaiwa mita 100 ya ragu zuwa 'yan mitoci. A shekarar nan aka rufe Decca a Birtaniya, Loran na Amurka ya bi baya a 2010. Sai AIS, mai nuna suna da sauri da alƙiblar manyan jiragen da ke kusa, wanda aka wajabta wa jiragen kasuwa zuwa ƙarshen 2004, daga baya aka fitar da ƙarami na jiragen yawo. Na'urar kiran ceto ma ta canza: tun Fabrairu 2009 taurarin Cospas-Sarsat suka daina sauraren tsohon zango na 121.5, sai na 406. Yau wayar hannu da ke aljihun matuƙi ta fi duk kayan teburin taswira na 1985 sanin hanya.

Sakamakon haka, na'urorin lantarki su ne suka fi saurin zubar da daraja a jikin jirgi. Allon taswira na lantarki mai shekara 12 da dillali ya jera da alfahari, kamfaninsa ma wataƙila ya daina yi masa kayan gyara. Tsohon jirgi sau da yawa yana ɗauke da tarihin duk waɗannan zamunna a bangonsa: ramin da aka cire Decca, wayoyin da ba a san inda suka nufa ba, fis ɗin da wani mai shi ya ƙara a 1994. Irin wannan tarkacen waya ya fi zama haɗarin gobara fiye da kadara. Buƙatar wuta kuma ta ninka. Jirgin da aka ƙera da batir ɗaya ko biyu don fitilu da tada inji, yanzu ana so ya ɗauki firij, da na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, da cajin kwamfuta, wani lokaci har da injin tace ruwan gishiri da intanet na tauraron ɗan'adam. Faifan sola da batirin litiyam sun sauƙaƙa abin, amma a siririn jirgi irin wannan wurin ɗora faifan kaɗan ne. Shi ya sa masu tafiya mai nisa da shi har yanzu suke riƙe da na'urar tuƙi ta iska, irin su Aries, wadda ke amfani da iska da gudun ruwa ta riƙe alƙibla ba tare da cin ko ɗigon wuta ba.

Kayan da ke cin kuɗi na gaske ba su cika ɗaukar ido a hoto ba. Na farko inji. Ƙaramin injin dizal ne ke shigar da jirgi tasha ya fitar da shi, ya kuma yi caji. Wanda aka saka tun asali, idan yana nan, ya gaji. Jirgin da aka sake wa inji da sabon Yanmar ko Beta ko Volvo Penta ya fi wanda ba a sake wa ba daraja ƙwarai, domin aikin yana iya cinye kaso mai tsoka na kuɗin jirgin gaba ɗaya. Na biyu wayoyin ƙarfe mara tsatsa da ke riƙe da jigon da ke ɗauke da ƙyallayen iska. Suna gajiya ta ciki ba tare da alama ba, galibi a bakin maɗauri, kuma kamfanonin inshora da yawa suna neman a sake su bayan kimanin shekara goma. Idan ɗaya ta tsinke cikin iska, jigon yana iya faɗuwa gaba ɗaya. Na uku ƙyallayen iska. Yadin Dacron ba ya saurin yagewa, sai dai ya saki jiki ya yi ciki, jirgin ya riƙa karkata da yawa yana tafiya kaɗan. Mai shi zai ce ƙyallen lafiyarsa ƙalau don babu huji, alhali siffarsa ta daɗe da tafiya. Akwai kuma makullan ruwa da ke jikin jirgi ƙasa da layin ruwa, na banɗaki da na inji da na madafa, waɗanda tagullarsu ke ruɓewa a hankali. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya nutsar da jirgi a inda yake ɗaure.

Wasu canje-canjen kuwa alheri ne zalla, kuma tsohon jirgi yana karɓarsu ba gardama. A da, idan iska ta ƙaru, dole wani ya rarrafa zuwa goshin jirgi, ruwa na dukansa, ya sauke babban ƙyallen gaba ya ɗaura ƙarami. Buhunan ƙyallaye huɗu ko biyar ne ke cika gadon gaba. Yanzu kusan kowane Contessa an saka masa abin naɗe ƙyallen a jikin wayarsa, ana jan igiya daga gurbin matuƙi. Ƙyallen da aka naɗe rabi ba ya da kyawun siffa kamar wanda aka ɗinka don wannan iska, amma babu wanda ya fita goshi cikin duhu. Haka anka. Shekara da shekaru CQR mai siffar garma, wadda masanin kimiyya Geoffrey Taylor ya ƙirƙira a 1933, ita ce abin dogaro. Sababbin anka irin su Spade da Rocna sun fi ta saurin kama ƙasa, sun kuma fi ta riƙo idan iska ta juya.

Ciwon da aka fi tsoro a shekarun 1980 shi ne bororon faiba. Ruwa yana ratsa fatar waje a hankali, ya haɗu da ragowar sinadaran da ba su gama daskarewa ba, ya taso kamar ƙuraje. Ya rusa farashin jirage da yawa a lokacin. Bayan shekaru aka gane cewa da wuya ya kai ga nutsar da jirgi mai kauri, ko da yake maganinsa, wato kankare fatar, busarwa na watanni, da shafa sabon ƙaro, yana da tsada. Abin da ya fi shi muni a jirage da yawa na wancan zamani shi ne doron jirgi da aka yi da katakon balsa a tsakanin faiba biyu: ruwa ya shiga ta ramin kusa, katakon ya ruɓe, wurin ya riƙa lotsawa ƙarƙashin ƙafa. Don irin waɗannan ne ake ɗaukar ƙwararren mai bincike kafin a biya kuɗi. Ana ɗaga jirgin daga ruwa, ya bi shi da ƙaramar guduma yana sauraren sauti, ya auna danshi, ya rubuta rahoto. Rahoton nan, da rasiɗan gyaran da aka yi, sun fi hotunan talla faɗin gaskiya.

Ta fuskar tafiya, lissafin ba ya ɓoye. Jirgi mai nauyi da ke ratsa ruwa yana da iyakar sauri da tsawon layin ruwansa ya yanka masa. Na Contessa 32 ƙafa 24 ne, don haka iyakarsa tana wajen mil 6.5 na teku a awa, kimanin kilomita 12. A tafiya mai tsawo, mil 120 zuwa 130 a yini da dare abin godiya ne. Sabon jirgi mai tsawo ɗaya da shi kusan duk jikinsa yana kan ruwa, layin ruwansa ya fi tsawo, kuma idan iska na bayansa ko gefensa zai bar Contessa a baya. A iska mara ƙarfi ma haka. Inda tsohon ke nuna kansa shi ne fuskantar iska da raƙuman ruwa. Siririn goshinsa yana yanka ruwa maimakon ya riƙa faɗa masa da ciki, yana karkata da wuri sannan ya tsaya cak, sandar tuƙinsa kuma tana da sauƙi a hannu. Kuɗin wannan shi ne jiƙa. Gefensa gajere ne, ruwa yana hawa doro yana watsowa, kuma masu shi da kansu suna yi masa ba'a cewa rabin tafiyarsa a ƙarƙashin ruwa yake yi.

Sunan da jirgin ya yi ya samo asali ne daga tseren Fastnet na watan Agusta 1979, daga Cowes zuwa dutsen Fastnet a kudancin Ayalan, a dawo Plymouth, tafiyar mil 600 da 'yan kai. Jirage 303 suka tashi. A daren 13 ga wata guguwa ta same su a tsakiyar teku. Matuƙa 15 daga cikin masu tseren suka mutu, jirage biyar suka nutse, waɗanda suka kai ƙarshe ba su kai 90 ba. A rukunin ƙananan jirage 58 ne suka shiga, ɗaya tak ya gama: Assent, Contessa 32, a hannun Alan Ker mai shekara 23. Binciken da ya biyo baya ya kwatanta shi da wani jirgin tsere na lokacin mai faɗi da rashin nauyi, aka ga cewa Contessa yana iya karkata fiye da digiri 150 ya kuma miƙe da kansa, yayin da ɗayan ke rasa ikon miƙewa tun da wuri, ya zauna a kife. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka sa aka fara auna jiragen yawo da ma'aunin daidaito. Daga watan Yuni 1998 dokar Tarayyar Turai ta wajabta sa wa sababbin jirage rukuni, inda rukunin A ke nufin wanda aka zana don iskar da ta wuce mataki na 8 a ma'aunin Beaufort da raƙuman ruwa sama da mita 4. Shi Assent bai tsaya nan ba: Willy Ker, mahaifin Alan, ya kai shi yankunan ƙanƙara na arewa da na kudu. A 1984 John Kretschmer ya zagaya Cape Horn da wani Contessa 32 mai suna Gigi, a hanyarsa daga New York zuwa San Francisco.

Irin wannan tarihi yana ɗaga farashi, wani lokaci fiye da yadda jirgin da ke gaban mai saye ya cancanta. Assent ya tsira ne da siffarsa, da kuma matuƙan da suka san aikinsu, da kayan da ke da ƙarfi a lokacin. Contessa da ya shekara goma a ɗaure, wayoyinsa na 1998, bai gaji komai daga wannan dare ba sai suna. Lamarin ya yi kama da na Peugeot 504: an yarda da ƙarfin ƙirarta, amma wanda zai saya sai ya buɗe bonet. Abin da ke taimakon wannan jirgi shi ne bai zama maraya ba. Kamfanin Rogers ya durƙushe a farkon shekarun 1980, ya sake samun mazubin a tsakiyar shekarun 1990, ya ci gaba da ƙera sababbi kaɗan-kaɗan da gyaran tsofaffi a Lymington. Akwai ƙungiyar masu shi, kuma suna tsere a rukuninsu a makon gasar jirage na Cowes. Sha'awar tsofaffin ƙira ma ta farfaɗo: tseren Golden Globe na zagaya duniya, da aka dawo da shi a 2018, jirage masu ƙafa 32 zuwa 36 da aka zana kafin 1988 kawai yake karɓa, masu dogon faifai a ƙasa, kuma da sakistan ake neman hanya.

Ga mai neman ɗaki da sarari da sauri a iska mai daɗi, Contessa 32 ba jirginsa ba ne, kuma da kuɗin zai samu wanda ya fi shi girma da ƙuruciya. Ga mutum ɗaya ko biyu da ke nufin fita inda babu tashar gudu, har yanzu yana cikin zaɓi mafi inganci a girmansa, muddin rahoton mai bincike ya wanke gangar jikin, kuma an cire kuɗin inji da wayoyi da ƙyallaye daga farashin da dillali ya faɗa idan lokacin sake su ya yi.